Daga Ada zuwa Busua da jakar goyo: yadda za ka bi bakin teku, ka tuƙa kayak, ka sha hirar dare

Yawancinmu 'yan Nima da Maamobi da Sabon Zango sau biyu muke ganin teku a shekara: kashegarin ƙaramar Salla da kashegarin babba. A cika trotro a tafi Labadi, a tsaya ruwa iya gwiwa, a ɗauki hoto, a dawo da yashi cikin takalmi. Alhali tekun nan da ke ƙarshen titinmu yana da gaɓa mai tsawon fiye da kilomita 500, tun daga Aflao har iyakar Kodebuwa, kuma baƙi na biyan kuɗin jirgi daga Jamus da Amurka don su bi ta gari-gari da jaka ɗaya a baya. Mu da kuɗin mota kawai za mu biya, mu ne ba mu zuwa.

Na yi wannan tafiya, kuma abin da zan shimfiɗa a nan tsari ne na kwana takwas zuwa goma. Wanda ba shi da wannan lokaci ya yanki abin da ya dace da shi. Abu ɗaya ne ban yarda a sauya ba, shi ne jerin wuraren: a fara da ruwa mai kwanciya kafin a tunkari teku. Dalilin zai zo.

Zaɓen lokaci

Daga Nuwamba zuwa Maris ne lokacin da na fi so. Ruwan sama ya ɗauke, teku ya ɗan lafa, hanyoyin ƙauye sun bushe. Daga Afrilu zuwa Yuni damina ce babba a kudu, kuma daga Yuni har Satumba teku kan yi fushi, ruwansa ya yi sanyi, igiyar ruwa ta yi ƙarfi. Mai koyon tuƙi ba shi da abin yi a cikinsa a lokacin.

Mai son biki kuwa ya duba kalanda. Aboakyer na Winneba Asabar ta farko ce a watan Mayu. Bakatue na Elmina Talata ta farko a Yuli. Asafotufiami na Ada makon farko na Agusta. Fetu Afahye na Cape Coast Asabar ta farko a Satumba. A Takoradi kuma 'yan Ankos na fitowa da dodannin kaya lokacin Kirsimeti. Sai dai ka sani, ranar biki ɗaki yana wuya kuma kuɗinsa na tashi. Akwai kuma watan nan da sarakunan Ga ke hana kiɗa da hayaniya gabanin bikinsu na Homowo, hanin kan fara cikin Mayu. Wanda ya shirya hirar dare a Accra a wannan tsakani, shiru zai tarar.

Abin da za ka zuba a jaka

Jakar goyo ɗaya, wadda za ka iya ɗorawa a cinya cikin trotro. In ta fi haka, yaron mota zai ce ka biya kuɗin kaya, ko ya ɗaure ta a bayan mota kusa da kwandon kifi. Riga uku masu saurin bushewa, wando biyu, da dogon wando mara nauyi ɗaya na shiga ruwa, wanda ya rufe gwiwa. 'Yan'uwa mata su nemi doguwar riga mai hannu ta wasanni da wando da ɗan hijabi mai kama kai. Babban mayafi ko abaya a cikin ruwa haɗari ne, domin yadi in ya sha ruwa nauyi yake yi, ya naɗe ƙafa.

Sai silifa mai maɗauri a dunduniya, hula mai baki, tocila, abin cajin waya na tafi-da-gidanka, ƙaramar darduma, ƙaramin kwaɗo na kulle ƙofa, da maganin shafawa na sauro. Gidan sauro ma in kana da mai sauƙi ka ɗauka, ba kowane masauki ke da shi ba. Katin Ghana da katin inshorar lafiya su shiga leda. Ka sayi jakar leda mai rufewa ta saka waya, wadda ake ratayawa a wuya, ka gwada ta a bokiti a gida da takarda a ciki kafin ka amince mata.

Kuɗi kuwa ka raba uku: kaɗan a aljihu, kaɗan a ƙasan jaka, sauran a MoMo, wato asusun kuɗi na waya. Kada ka dogara da MoMo kaɗai. Akwai ƙauyukan yamma da za ka ɗaga waya sama kana neman sabis kamar mai neman wata, kuma mai kwale-kwale tsabar sidi yake so. Ka tanadi canji ƙanana.

Kafin ka fita, ka gaya wa wani a gida hanyarka. Ni da na ce zan tafi, Mma ta dube ni ta ce, "Kai da ko wankan rafi ba ka iya ba, me ka ajiye a teku?" Na ce, "Mma, akwai rigar ceto." Ta ce, "To, rigar ta ji, kai ma ka ji. Kowane dare ka kira ni." Na kira ɗin kuwa, kuma wannan dabara ce mai kyau ko ba don uwa ba: kullum a samu wanda ya san garin da ka kwana.

Zango na farko: Ada Foah, kwana biyu

Ka tafi tashar Tudu da sassafe ka hau motar Ada. Za ku bi hanyar Aflao, ku ratse a Kasseh, tafiyar ta ɗan haura kilomita 100. Ada Foah ne inda kogin Volta ke shiga teku, kuma shi ya sa na sa shi farko. Kogin a nan yana da faɗi, da tsibirai, da lunguna masu itatuwan da ke tsirowa cikin ruwa, kuma da safe yakan kwanta lumui kamar faranti. Masaukai da dama na bakin kogin suna ba da hayar kayak, wato ɗan kwale-kwalen roba mai cin mutum ɗaya ko biyu.

Ka nemi irin wanda ake zama a kansa, ba wanda ake zura ƙafafu ciki ba. Na farkon ko ya kife ba ya cika da ruwa, kuma ba ya riƙe ka. Kafin ka biya, ka duba abu uku. Ka juya jirgin ka ga ko akwai tsaga. Ka duba toshiyar ramin zubar da ruwa ko tana nan daram. Sai rigar ceto: ka sa, ka ɗaure kowane maɗauri, ka ce wani ya ja ta sama ta kafaɗa. In ta haura kunnenka, ta yi maka yawa, a sauya. Wanda ya ce maka babu riga amma ruwan ba zurfi, ka yi masa godiya ka wuce gaba.

Yanzu tuƙin kansa. Ka ɗora filafili a kanka, ka buɗe hannu har gwiwar hannunka ta yi kusurwa kamar ta bango, nan ne mariƙarka. Ka zauna a miƙe, ƙafafu a kan matokari, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Ka tsoma bakin filafilin kusa da yatsun ƙafarka, ka ja, ka fitar da shi daidai ƙugunka, sannan ɗaya gefen. Kuskuren kowane sabon shiga shi ne ja da hannu zalla. Minti goma damtse ya mutu. Ƙarfin daga ƙugu da baya yake fitowa: ka riƙa juya ƙirjinka tare da kowane ja, kamar mai tuƙa tuwo a babbar tukunya. In za ka juya dama, ka yi faffaɗan ja a hagu, daga hancin jirgi har gindinsa. In za ka tsaya, ka tura ruwa gaba.

Sannan ka yi abin da mutane ke jin kunyar yi, wanda kuma ya fi komai amfani. A wuri mara zurfi, kusa da mai kula da kai, ka kifar da jirgin da gangan. Ka juya shi, ka kama gefensa ta tsakiya, ka harba ƙafafu a baya har jikinka ya kwanta a saman ruwa, ka ja kanka har cikinka ya hau kujera, sannan ka mirgina ka zauna. Ka yi sau uku. Ranar da zai kife da kai ba shiri, jikinka ya riga ya san hanya.

Game da Ada, ka riƙe waɗannan. Ruwan teku na cika yana janyewa sau biyu a yini, kuma kogin na bin sa. Lokacin janyewa, ruwan kogi na gudu zuwa bakin teku da ƙarfin da hannunka ba zai iya ja da shi ba, don haka kada ka kusanci mahaɗar nan ta wajen Azizanya kai kaɗai. Ka tambayi masu jirgi ƙarfe nawa ruwa ke juyawa yau. Ka fara tafiyarka kana fuskantar ruwa ko iska, domin dawowa ta zo da sauƙi lokacin da ka gaji. Ka kauce wa jiragen inji, in sun wuce ka juya hancin jirginka ga igiyar da suka tayar. Kada ka yi ta wanka a ruwan daɗi mai ciyayi can sama da kogin, akwai tsargiya a yankin Volta. In kuma ka ji labarin an buɗe madatsar Akosombo, kamar yadda aka yi a 2023 har garuruwa irin su Mepe suka nutse, ka ɗage tafiyar.

Dare a Ada ba na hayaniya ba ne sosai in ba ƙarshen mako ba. Ana hura wuta a kan yashi, kogi a gefe guda, teku a ɗaya gefen. Daga wajen Oktoba zuwa Fabrairu kunkurun teku na fitowa da dare su yi ƙwai, kuma ma'aikatan kula da namun daji na raka masu son gani. Ba a haska musu tocila, ba a taɓa su.

Zango na biyu: Kokrobite, dare ɗaya

Ka dawo Accra, ka wuce Kaneshie, ka hau motar Kokrobite, kimanin kilomita 30 yamma da gari. Ka daidaita zuwanka da Asabar, domin daren nan ne na kiɗan rege kai tsaye, kuma gari ne na makaɗan gargajiya, za ka ji kpanlogo na Ga a hannun masu shi. Ba a nan za ka tuƙa kayak ba, igiyar wurin ta masu wasan hawan igiyar ruwa a kan allo ce. Wannan zango na kunne ne.

Tun da mun zo kan dare, bari in faɗi abin da na gani gaba ɗaya. Da yawa daga cikinmu na gudun irin wannan tafiya don ana ganin hirar bakin teku ta mashaya ce. Gaskiya ana sha, har akpeteshie. Amma ba wanda ya taɓa tilasta mini. Ka riƙe kwalbar malta ko sobolo ko ɗanyen kwakwa, ka sami benci, ka ji kiɗa, ka yi hira da wanda Allah ya haɗa ka da shi. Ka buɗe abin shanka da hannunka, kada ka bar shi ka tafi ka dawo. Za a zo maka da wiwi, da fara'a kuwa, "chale" sama "chale" ƙasa. Doka ba ta halatta shan ta ba, kuma baƙo ne ake fara kamawa. Ka ce a'a sau ɗaya kana murmushi, ka juya kai.

Kada ka bi bakin teku cikin duhu inda fitilu suka ƙare, ko kai kaɗai ko da rakiya, nan ne ake ƙwacen waya. Ka fita da kuɗin daren kawai. A Accra, in ka ƙare a Osu ko Labadi, akwai Bolt da Uber da Yango. A ƙananan garuruwa babu wannan, don haka ka kama masauki da za ka iya takawa zuwa gare shi cikin haske, ko ka karɓi lambar mai tasi tun da rana. Kuma daren da ka raba kana hira, kashegari ba ranar shiga teku ba ce. Rashin barci da filafili ba sa haɗuwa.

Zango na uku: Cape Coast da Elmina, kwana biyu

Daga Kokrobite ka fito babban titi ka nemi motar Cape Coast, ko ka koma Kaneshie inda ake samun mota cikin sauƙi. Ka bar gari da asuba saboda cunkoson Kasoa. Nisan wajen kilomita 150 ne daga Accra.

A nan ka ajiye filafili ka yi tafiyar ƙafa. Gidan bayi na Elmina Turawan Fotugal ne suka gina shi a 1482, 'yan Holan suka ƙwace a 1637, Ingilishi suka karɓa a 1872. Ka shiga shi, ka shiga na Cape Coast, ka tsaya a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda aka tsare mutane kafin a fitar da su ta ƙofar da ba a dawowa. Da yawa daga cikin waɗanda aka tsare ɗin daga arewa aka gangaro da su, ta kasuwanni irin su Salaga, sunan da kowane ɗan zango ya sani. Ka nuna katin Ghana, kuɗin shigar ɗan ƙasa bai kai na baƙo ba. Bayan nan ka hau tudun Fort St Jago ka dubi bakin tafkin Benya, jiragen masunta jere da tutoci kala-kala. Kada ka ɗauki hoton masu kifi ba ka tambaya ba, matan nan ba sa wasa. In akwai sauran rana, gandun Kakum na nan kimanin kilomita 30 arewa, da gadar igiya a saman itatuwa.

Abinci ba matsala. Kifi ne ko'ina, da dokunu irin na Fanti da shito. Inda ka ga nama ka tambaya, domin ana sayar da alade a wurare da yawa, wani lokaci a kasko ɗaya. Ka nemi zango, wato unguwar Hausawa da Musulmi, kowane babban gari yana da shi, a Cape Coast ka nufi wajen kasuwar Kotokuraba. Nan za ka sami waakye da koko da ƙosai, da masallaci, da wanda zai ce maka "sannu da zuwa" ya nuna maka ɗaki mai araha. Salla kuwa matafiyi ne kai, kana da rangwamen kasaru. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, hadisi ya tabbatar. Alƙibla daga gaɓar nan gabas ce da ɗan karkata hagu, teku na damanka.

Zango na huɗu: Busua da Butre, kwana uku

Daga Cape Coast zuwa Takoradi, daga Takoradi zuwa Agona Nkwanta, daga nan tasi zuwa Busua. Wannan ne wurin da za ka gwada teku na gaske, in mai jirgi ya ce yau ya yi. Akwai ɗan tsibiri mai suna Abokwa da ake hangowa daga gaɓa. Yana kama da kusa. Ba kusa yake ba ga mai kwana biyu da koyo, kada ka nufe shi sai da ɗan gari a jirgi na biyu.

Ka fita da safe, kafin iskar yamma ta taso. Ka tsaya a gaɓa minti goma kana kallo kawai. Igiya ba ɗaya-ɗaya take zuwa ba, jeri take yi: manya su zo a jere, sai a ɗan sarara. Cikin sararin nan ake fita. Ka ja jirgi har ruwa iya gwiwa, hancinsa na kallon igiya sak, ka hau da sauri, ka tuƙa da ƙarfi ba tsayawa har ka wuce inda take fashewa. In igiya ta taso maka, ka sunkuya gaba ka huda ta. Wanda ya ba ta gefe, ya kife.

Dawowa ta fi fita wuya, kuma a nan na sha kashi. Na hango gaɓa, na saki jiki, ban waiwaya ba. Igiya ta ɗaga gindin jirgin, ta juya shi, ta maka ni da yashi, jirgin ya bi ta kaina ya daki ƙafata. Wayar da na sa a aljihun wando, don na ƙi jakar wuya saboda zafi, nan ta yi sallama da duniya. Wani dattijon masunci da ke gyaran raga ya taso ya kama jirgin. Na ce, "Egya, na gode," da 'yar Fantin da na tsinta. Ya nuna mini da hannu abin da ya kamata in yi: ka jira igiya ta wuce ƙarƙashinka, ka bi bayanta da gudu, kana taɓa yashi ka diro, ka tsaya ta gefen teku, kada jirgi ya shiga tsakaninka da igiya. Mai haya ya gaya mini wannan tun farko, kunnena ne ya tafi kallon tsibiri.

In ka faɗa ruwa can ciki, kada ka saki jirgi ka ce za ka yi iyo zuwa gaɓa. Jirgi ake hangowa daga nesa, ba kan mutum ba. In kuma kana wanka ka ji ruwa na jan ka ciki, kada ka yi kokawa da shi. Wannan jan siriri ne kamar kwata. Ka yi iyo a gicciye, daidai da gaɓa, har ka fita daga cikinsa, ko ka kwanta a bayanka ka ɗaga hannu. Irin wannan ruwa ne ke cin yaranmu ranar Salla. Lambar gaggawa 112 ce.

Ka girmama masunta. Igiyar ragar da ake ja daga gaɓa tana da tsawo ƙwarai, kada ka ratsa ta. A yawancin garuruwan gaɓa ba a fita su ranar Talata, kuma a wasu wuraren ba a son ganin kowa a kan ruwa ranar. Ka tambaya. In wata magana ta taso, akwai sarkin masunta, Fanti na ce masa apofohene.

Ranar da teku ya ƙi, ka tafi Butre, kimanin kilomita 3 gabas. Akwai kogi mai kwanciya da ake shiga da kwale-kwale cikin itatuwa, ga tsuntsaye, ga kangon Fort Batenstein a kan tudu. Dixcove na ɗaya gefen da Fort Metal Cross. Duka biyun ana zuwa da ƙafa, amma ka tafi da rana, da ɗan gari, ka bar kayanka masu tsada a ɗaki. Mai sauran kuɗi da kwana ya ƙarasa Cape Three Points, ƙarshen Ghana ta kudu, ko Beyin, inda ake shiga kwale-kwale zuwa Nzulezu, ƙauyen da aka gina a kan ruwa.

Komowa

Ka bar Busua da safe domin ka wuce Kasoa kafin magariba, rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida duk shekara. Kafin ka haɗa kaya, ka ɗauraye komai da ruwan famfo, har zif ɗin jaka, in ba haka ba gishiri zai cinye shi cikin wata guda. In zazzaɓi ya kama ka cikin mako biyu da dawowa, ka je a gwada jini, kada ka ce gajiya ce. Tsaraba kuwa ka bari sai mota ta tsaya a mahaɗar Yamoransa, bayan Cape Coast kaɗan, inda mata ke jere da dokunu naɗe cikin ganyen ayaba. Ka sayi na gida, ka ƙara na maƙwabta, ka ce yaron mota ya sa maka a ƙarƙashin kujera.